Afiniki Ta Nemi Sallama a Gaban Sito

Har yau akwai masu cewa Afiniki butulu ce. Ina jin su a kasuwa, ina jin su har a bakin majami'a bayan sujada, suna rage murya in sun hango ni. To su daina ragewa. Ni Lucia, ni na goyi yarinyar nan a Manchok tun ba ta san damanta da hagunta ba, uwata da uwarta ciki ɗaya suka fito, kuma ina tsaye a gaban sito ranar da abin ya faru. Wanda bai je wurin ba ya ja bakinsa ya saurara.

Babanta, Kumai, manomi ne, yana noman citta da masara. Duk kaka yakan kawo cittarsa Kafanchan ya sayar wa Alhaji Mijinyawa, babban ɗan kasuwar nan da kakanninsa suka kafa rumfa a garin tun jirgin ƙasa na kai da kawo. Afiniki ta gama ƙaramar difloma ta aikin akanta ke nan babanta ya rasu. Alhaji ya zo jana'iza da kansa, ya zauna a gindin mangwaro tare da dattawan ekklesiya har aka gama, da zai tafi ya ce wa uwarta, "Ki turo min yarinyar nan Kafanchan. Ubanta mutumina ne, ita kuma 'yata ce." Muka yi ta godiya har da hawaye, ni ma na yi.

Ta tarar da kasuwanci babba, amma duk lissafinsa a cikin kan Alhaji yake, sauran kuma a rasit-rasit da aka cusa cikin buhu a bayan ƙofa. Ita ta zauna ta warware su. Ita ta buɗe wa kamfanin asusu a banki da sunansa, ita ke biyan leburori masu loda tirela da matan da ke tsaga citta suna shanyawa, ita ke zama da mutanen haraji in sun zo da fuska a murtuke. Daga baya ta sa aka sayi kwamfuta. In Alhaji zai tafi Legas, makullin ofis da na akwatin ƙarfe a jakarta suke kwana.

Kada wani ya ce na ɓata Alhaji. Mutumin kirki ne, wallahi. Duk Kirsimati buhun shinkafa da turmin atamfa suna isa gidan Afiniki kafin mu ma mu fara tunanin cefane. Da uwarta ta kwanta ciwon ciki, shi ya biya aikin da aka yi mata a asibiti. Da za ta auri wani malamin firamare, matar Alhaji, Hajiya Asibi, ita ta yi mata kayan ɗaki kamar ita ta haife ta. Afiniki tana kiransa Baba, yana kiranta 'yata, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Amma albashi fa? Tabɗi! Ƙarshen wata Alhaji zai miƙo ambulan ya ce, "Ga na sabulu." In ciniki ya yi kyau ambulan ya ɗan yi kauri, in bai yi ba ya rame. Babu takardar ɗaukar aiki, babu mataki, babu fansho, babu sunan muƙami. Wanda ya zo nemanta sai a ce masa, "Je wajen yarinyar lissafi." Tana da ciki na biyu ana ce mata yarinyar lissafi. Ƙawarta Roseline, wadda suka yi aji ɗaya a foli, inda suka yi difloma, kuma Afiniki ce ke koya mata darasi kafin jarabawa, ta shiga banki a Kaduna. Ta fara a matsayin mai koyon aiki, aka ɗaga ta, aka sake ɗaga ta, har ta zama mai kula da sashe, da mota da kuɗin haya da hutun shekara. Duk Kirsimati sai ta zo Manchok ta ce, "Afi, har yanzu kina wajen citta?" Afiniki ta yi dariya, ni kuma in ji kamar in shaƙe Roseline ɗin.

Yarinyar nan ba ta zauna ba. Ta yi babbar difloma a ƙarshen mako. Ta shiga jarabawar ƙwararrun akantoci, wadda ake hawa mataki-mataki, mutum ya faɗi takarda ɗaya ya koma ya sake. Ranar Asabar ta hau mota zuwa Jos ɗaukar darasi, jariri a baya, ta dawo ƙafa a kumbure. Ta faɗi, ta sake, ta kuma faɗi. Mijinta ya ce ta huta haka, ta ce ai ba shi ke rubutawa ba. Shekarar da ta haye, ta ɗinka kwat baƙa da siket ta je aka rantsar da ita, ta dawo da satifiket ta kai wa Alhaji tun kafin ta kai gida. Ya yi murna ƙwarai. Ya yanka mata rago, ya sa aka kafa hoton a bangon ofis, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ya ce, "'Yata ce."

Bayan an cinye rago ta same shi ta ce, "Baba, yanzu ina so a rubuta min muƙami, a yanka min albashi tsayayye irin na masu takardata."

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Haba 'yata! Ana yi wa ɗan gida mataki? Me kika nema kika rasa a gidan nan?"

A shekarar ne cutar nan ta faɗa wa citta, gonaki suka ruɓe tun daga Kwoi har ƙauyukanmu, manoma suna kuka. Alhaji ya ce ta bari kasuwa ta farfaɗo. Ta bari. Citta ta dawo, ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Sai ga Jamiluddeen, ɗan Alhaji, ya gama bautar ƙasa ya dawo gida. Aka gyara masa ɗakin da ke kusa da nata, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, aka kafa allo a ƙofa an rubuta Manajan Kuɗi, aka ba shi mota. Aka ce Afiniki ta nuna masa aiki. Shi yaron ba shi da laifi, yana da kunya, yana da kai. Da bakinsa ya ce mata, "Anti, wallahi ban nema ba, na ma gaya wa Baba kujerarki ce." Ta ce ta sani, ya jawo kujera su fara.

Ta gwada neman aiki a waje, a ɓoye. Wani kamfani a Kaduna ya kira ta intabiyu. Suka ga satifiket suka jinjina kai, sannan suka ce ina takardar albashinta ta wurin da take, mene ne muƙaminta, mutum nawa ne a ƙarƙashinta. Ba ta da ko ɗaya da za ta nuna. Suka ce sai dai ta fara daga ƙasa tare da yaran da suka fito makaranta jiya, kuma ma shekarunta sun wuce na matakin. Ta dawo ta zauna a shagona a nan Kafanchan ta cire takalmi, ta ce, "Yaya Lucia, shekara goma sha bakwai ina aiki, a takarda kuwa ban taɓa yin aiki ba." Ban taɓa ganin ta da fuska irin ta ranar ba.

Na ce mata, "To bar masa aikin mana! Buɗe naki ofishin. 'Yan kasuwar garin nan duk haraji ya ishe su, kowa neman mai yi masa lissafi yake."

Ta ce, "Kin manta Godspower?"

Ban manta ba. Godspower shi ne magatakardan wani dillali a layin su Alhaji. Ya gaji, wata rana ya ajiye makulli ya tafi abinsa ba tare da maigidansa ya sallame shi ba. Maigidan bai ce ya yi sata ba, bai kuma ce bai yi ba, shiru kawai ya yi. Kasuwa ta ƙarasa zancen da kanta: mai riƙe kuɗi ba ya barin gida haka kawai sai in ya ci wani abu. Babu wanda ya sake ba shi ko rasit ya riƙe. Yanzu acaba yake yi a tashar Kagoro.

Haka kasuwar citta take a Kafanchan. Wanda ya yi wa maigida hidima, ba ya fita sai da sallama. Gidan Alhaji Mijinyawa kuwa sun fi kowa riƙe wannan al'ada. Bayan an gama hada-hadar kaka, a share gaban sito, a shimfiɗa tabarmi, a jera benci, a kira dillalai da manyan 'yan kasuwa. Wanda za a sallama, ko da gemunsa da 'ya'yansa yaron Alhaji ake ce masa, ya zo ya durƙusa. Alhaji ya ba shi sikeli da buhunan citta na jari da makullin shago, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Na sallame shi. Ban san shi da cin amana ba. Ku riƙe shi yadda na riƙe shi." Wannan maganar ita ce jarin gaske, sikelin ma ƙari ne. Kuma ba ya duba addini. Samson, mutumin Kwoi, ɗan dattijon majami'a, a wannan tabarmar aka sallame shi, yau yana da sito nasa.

Afiniki ta je wurin Alhaji ta ce, "Baba, tunda ni 'yar gida ce ba ma'aikaciya ba, to a sallame ni yadda ake sallamar yaran gida."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Sallama ta yaran sikeli ce. Ke mace, ga aurenki, ga ofis, ina za ki? Wa zai riƙe min lissafi?"

Ta bari kwana biyu ta sake komawa. Ya ce yana da baƙi. Ta sake, ya ce ta daina ɓata masa rai. Hajiya Asibi ta kira ta cikin gida ta riƙe hannunta ta ce ta yi haƙuri, Alhaji ba zai taɓa wulaƙanta ta ba. Uwarta ta taso tun daga Manchok ta ɗaga riga ta nuna mata tabon aikin da aka yi mata, ta ce, "Mutumin da ya yi min wannan za ki kunyata?" Mijinta ya ce albashin firamare ba zai riƙe gida ba. Fasto ma ya karanta mata aya a kan haƙuri. Ta saurari kowa, ta ce ta gode, ba ta ce ta fasa ba.

A kakar shekarar Ubaidullahi za a sallama, wanda ya zo gidan bayan Afiniki da shekaru, ita ta koya masa rubuta rasit. Ranar sallamar da safe ta biyo ta shagona. Na ga ta sa kwat ɗin nan baƙa ta rantsuwa, na ce, "Ina zuwa haka, ko wani intabiyu ne?" Ta ce, "Rufe shago ki raka ni." Na ɗauki gyale na bi ta.

Gaban sito ya cika. Ƙamshin citta har yana sa atishawa. Alhaji yana kan kujera cikin babbar riga, a damansa Alhaji Abubakar Siddiƙ, dattijon dillalai, wanda duk rigimar kasuwa a gabansa ake kashe ta. Ubaidullahi ya durƙusa, aka ba shi sikeli, aka ba shi makulli, Alhaji ya faɗi maganar, liman ya yi addu'a aka shafa. An fara raba goro ke nan Afiniki ta ratsa maza, ta cire takalmi, ta durƙusa a daidai inda Ubaidullahi ya tashi, da kwat ɗinta da komai, gwiwa a ƙasa. Ta ajiye makullin ofis da na akwatin ƙarfe a gaban ƙafar Alhaji.

Kowa ya zuba mata ido. Alhaji ya ce a hankali, "Afiniki, tashi. Ma yi magana a ciki."

Ta ce, "Baba, mun yi a ciki. Yau a waje nake so."

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani, Baba." Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ka yi min abin da ubana bai rayu ya yi min ba, ba zan taɓa musu ba. Na nemi mataki ka ce ni 'yar gida ce. Na nemi sallamar 'yan gida ka ce ba ta mata ba ce. Ba na neman sikeli, ba na neman shago, ba na neman jari. Ga iyayen kasuwa a zaune. In na ci amanarka, faɗa a gabansu a kai ni inda ake kai ɓarayi. In ban ci ba, faɗa a gabansu in tashi in tafi."

Wani daga baya ya ce, "Kai, wannan yarinya ba ta da kunya!" Na juya na ce, "Yarinya? Ta kusa aurar da 'ya, malam, gyara bakinka." Jamiluddeen yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Alhaji kuwa fuskarsa ta haɗe. Ya ce, "Abin da za ki saka min da shi ke nan? A gaban mutane?"

Ta ci gaba da durƙusonta, ba ta tashi ba.

Alhaji Abubakar Siddiƙ ya gyara zama, ya tofar da goron bakinsa, ya ce, "Mijinyawa, tambaya aka yi maka. Ta ci ko ba ta ci ba?"

"Wannan maganar gida ce."

"Da ta gida ce. Yanzu ta hau tabarma. In ka tashi ba ka amsa ba, ka san abin da kasuwa za ta ce gobe, kuma ka san ko gaskiya ne ko ƙarya. Ta ci?"

Da Alhaji ya miƙe ya shige ciki ba tare da ya ce komai ba, da shi ke nan, an gama da Afiniki a garin nan, satifiket ɗin sai dai ta rataye a ɗaki. Kuma ya miƙe ɗin. Ya tattara babbar rigarsa, ya yi taku kamar zai wuce, sai ya tsaya. Bai dube ta ba, sito ya duba.

Ya ce, "Ko allura ba ta taɓa ɗauka ba."

Dattijon ya ce, "To faɗa yadda ake faɗa."

Alhaji ya ɗaga murya. "Na sallame ta. Ban san ta da cin amana ba. Ku riƙe ta yadda na riƙe ta." Sannan ya sunkuya ya ɗauki makullansa da kansa, ya ce da ita ƙasa-ƙasa, amma ni na ji, "Kin samu abin da kike so. Kada ƙafarki ta sake taka gidana."

Ta ce, "Na gode, Baba." Ta tashi, ta kakkaɓe gwiwa, ta sa takalmi. Sai da muka sha kwana, muka bar layin, sannan ta riƙe kafaɗata ta fashe da kuka kamar ranar da aka binne Kumai.

Ta kama ɗaki ɗaya a jerin shagunan da nake, ta sa tebur da kwamfutar da ta saya ta hannu. Watannin farko sun yi wuya, ba zan ɓoye ba, har gari suka sha da ita da yara. Samson ne ya fara kawo mata takardun harajinsa. Ubaidullahi ya biyo baya, sai ƙungiyar matan Kwoi masu noman citta, sai masu shagunan magani, sai makarantu masu zaman kansu. Kowa ta gaya masa kuɗin aikinta tun kafin ta buɗe fayil. Har dattawan majami'armu, da suka saba a duba musu asusu kyauta da sunan aikin Ubangiji, ta ce musu baikon da take bayarwa a majami'a daban, aikinta daban. Yanzu in ka sauka a tasha ka ce Afiniki Akanta, mai acaba ba zai tambaye ka kwatance ba.

Shinkafar Kirsimati ba ta sake zuwa ba. Uwarta ta yi wata da watanni ba ta yi mata magana. Hajiya Asibi takan aiko da gaisuwa a ɓoye ta bakin Jamiluddeen. Alhaji kuwa, hanyarsa ta zuwa sito ta gaban ofishinta take. Kullum da safe in ta hango motarsa sai ta fito bakin ƙofa ta rusuna ta ce, "Baba, ina kwana." Bai taɓa amsawa ba, gilashi ma ba ya saukewa. Na ce mata ta daina zubar da kanta. Ta ce, "Ubana ne. Aiki na bari."

Bana aiki ya yi mata yawa ta ɗauki mataimakiya, Peculiar, 'yar wata gwauruwa daga Zangon Kataf, ta gama difloma ba ta da mai tsaya mata. Ina zaune a ofishin ranar da ta fara. Afiniki ta miƙa mata takardar ɗaukar aiki: ga muƙami, ga albashi, ga watan da za a duba ƙari, ga fansho, ga ranakun da za a ba ta in za ta rubuta jarabawa. Peculiar ta karanta, idonta ya kawo ruwa, ta ture takardar ta ce, "Haba Mama, ba sai an rubuta ba. Ai ni 'yarki ce, duk abin da kika ba ni na gode."

Afiniki ta buga tebur har biro ya faɗi ƙasa. "Kada ki ƙara faɗin haka a ofishin nan! Kina da uwa a Zangon Kataf. Nan ma'aikaciya ce ke. Ɗauki biro ki sa hannu, ki riƙe kwafinki, ki ɓoye shi inda ni ma ban sani ba."

Peculiar ta tsorata ta sa hannu. Tana cikin sawa muka ji ƙarar motar Alhaji ta shawo kwana. Afiniki ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta fita bakin ƙofa ta rusuna.

"Baba, ina kwana."

Motar ta wuce. Ta tsaya har ta ɓace, ta goge ido da bayan hannu, ta dawo ta zauna ta ce wa Peculiar, "Miƙo min fayil ɗin Samson."